Na Buɗe Masa Ɗakin Sanyi da Hannuna

Masu karatu, barkanku da war haka. Ni ne dai tsohon mai gadin nan. Wanda bai san ni ba ya sani yanzu: ban taɓa zama a aji ba ko na yini ɗaya, wayar nan nake yi wa magana tana rubutawa, in kun ga kuskure ita za ku kama. Wata a cikinku ta rubuto wai labarin soyayya ba na tsofaffi ba ne, in bar wa 'yammata fili. Wayar ta karanta min. A gaya mata tun kafin a haifi babanta nake tsayuwa a ƙofar gidan 'yammata, kuma ba a taɓa koro ni ba. Sannan wannan soyayyar ba tawa ba ce, ta 'yata Auta ce. Ni dai a kaina ta faɗo, har yanzu ban gane gabanta da bayanta ba.

Shekara talatin da ɗaya nake tsaron ƙofa ɗaya. Kamfanin ya canza hannu sau uku, manajoji sun zo sun tafi da tumbinsu, ni ina nan. Babbar mota ta taɓa kifewa da mu, mutum goma sha ɗaya aka kwasa a kwance, ni na fito da ƙafata ina neman hulata. 'Yan fashi sun taɓa ɗaure ni a jikin ƙarfen get, na kwance igiyar da haƙorana, waɗannan da kuke ganin saura bakwai. Janareta ya yi bindiga ina tsaye kusa da shi, girata kawai ya ci. Duk wannan ban taɓa barin mutum ya wuce ni ba tare da izini ba. Har ranar Talatar nan.

Bari in kwatanta muku wurin, don wasu suna ɗauka gadin kanti nake yi. Gini ne mai hawa biyu, ƙasansa ba taga ko ɗaya. A ciki akwai ɗakin da muke kira ɗakin sanyi, cike da dogayen akwatunan ƙarfe baƙaƙe da suka yi layi, kowanne da 'yan fitilu koraye suna ƙifta ido. A cikinsu ake ajiye bayanan jama'a: takardun asibitoci, sakamakon 'yan makaranta, har hotunan da kuke ɗauka kuna cewa sun tafi girgije. To girgijen ke nan, yana da ƙofa, ni ke tsaronta. Injunan zafi suke yi kamar mai zazzaɓi, shi ya sa manyan na'urorin sanyaya ɗaki guda huɗu suke hura musu iska ba hutu. A sama kuma akwai ɗakin sa ido. Bango guda duk allo ne, ma'aikata suna zaune suna kallon layuka suna hawa suna sauka, in layi ya yi ja wayoyinsu su hau kuka. Shugabarsu mace ce, Injiniya muke ce mata. Ba ta kai kafaɗata ba, amma in ta dire kofin shayinta a kan tebur ɗakin tsit yake yi.

Dokar ƙofata guda ce. Duk wanda ya zo, ya ɗora katinsa a kan 'yar na'urar da ke tebur ɗina. Kore, ya wuce. Ja, in ɗaga waya in kira sama. Mai kamfanin kansa na taɓa tsayarwa a cikin ruwan sama don ya manta katinsa a wata rigar, daga baya ya aiko min da agogo. Akwai kuma kati guda a cikin ambulan mai jan hatimi a aljihun tebur ɗina, wanda yake buɗe ɗakin sanyi. Na gobara ne. Shekara tara yana nan ban ko shafa hatimin ba.

Yanzu Auta. Shekararta ashirin da bakwai, a kantin magani take aiki, kuma maza uku ta mayar da kayansu. Yayata, wadda yaran suke kira Gwaggo, ta mayar da falonmu ofishinta a kan maganar nan. Kullum da yamma tana nan a kan doguwar kujerar da ƙafarta ɗaya bulo ne, tana cewa, "Yarinyar nan mala'ika take jira ya sauko? Ni a shekarunta 'ya'yana huɗu." Auta ta ce, "Gwaggo, shi ya sa gwiwarki take ciwo." Uwar yara ta yi kamar ba ta ji ba, ta ci gaba da guga.

Sai ga Mai Tabarau. Dogo ne siriri, rigarsa kullum a goge, maɓallinsa har wuya ko da ana zafi. Tun daga bakin ƙofa yake cire takalmi ya jera su, ya durƙusa ya ce, "Baba, ina yini." Ranar farko da zai zo na ga Auta ta canza mayafi sau uku, daga ruwan toka zuwa shuɗi, daga shuɗi ta koma ruwan tokar. Na ce wa uwar yara, wannan karon an kama. Na tambaye shi sana'arsa, ya ce aikin kwamfuta yake yi, suna duba wa kamfanoni tsaronsu. Na ce ashe ɗan sana'a ne, ni ma tsaro nake yi, na zaunar da shi awa biyu ina koya masa aiki. Bai ko duba agogo ba. Wata biyar ana haka, aka tsayar da Asabar ɗin nan manyansa za su zo mu gana.

Asabar ranar aikina ce. Talata nake hutu. Sai na je wurin abokin aikina da muke kira Soja, na ce ya riƙe min Asabar in riƙe masa Talata. Ban gaya wa kowa a gida ba sai da safiyar Talatar.

Wajen ƙarfe goma ina zaune ina shan shayi, farar mota ta tsaya. Mutum biyu suka fito cikin shuɗayen kayan aiki, irin na masu gyaran na'urar sanyaya ɗaki, da jakar kayan aiki da ɗan tsani. Na gaban gajere ne mai faɗin fuska, yana murmushi tun daga nesa. Na bayan yana ɗauke da tsanin. Da ya sauke shi, sai na ga tabarau.

Ya gan ni, na gan shi. Fuskarsa ta yi kamar an zare mata jini.

Ku tsaya in gaya muku abin da ya zo min a rai, don kada ku ce tsufa ne. Na ce a zuciyata, Allah sarki. Ashe yaron nan gyaran na'urar sanyi yake yi, ya ce min kwamfuta don kada mu raina shi. Ko kuma aiki biyu yake haɗawa saboda hidimar aure. Ga shi yau asirinsa ya tonu a gaban uban yarinya, da tsani a kafaɗa. Ni da na yi dako, na yi wankin mota, na yi haƙar rijiya, ni zan ƙara masa kunya? Na ƙudura a raina ba zan nuna na ga wani abu ba.

"Sannunku da zuwa," na ce. "Ku wuce."

Gajeren ya riga ya sa ƙafa. Mai Tabarau bai motsa ba.

"Baba," ya ce, muryarsa ƙasa ƙasa, "ba za ka duba katin ba?"

"Wane kati?"

"Katin shiga. Ka ɗora shi a na'ura."

Na dubi katin da ke rataye a wuyansa. Na ce a raina, in na ɗora ya nuna ja fa? Masu kwangila sau da yawa katinsu yana ƙin aiki. Sai in tsayar da shi a rana in kira sama, a gaban abokin aikinsa, kwana huɗu kafin manyansa su zo gidana?

"Kai dai wuce," na ce. "Idona ya fi na'urar."

"To ka kira sama ka tambaya ko suna jiranmu."

Gajeren ya juyo ya yi masa wani kallo, sannan ya dawo da murmushinsa kaina. "Baba, rabu da shi, sabo ne. Tsoron manya yake ji."

"Na gani," na ce. Har na karɓi jakar na riƙe musu.

Muka bi dogon baranda har ƙofar ɗakin sanyi. Gajeren ya ɗora katinsa, ja. Ya goge shi a riga ya sake ɗorawa, ja. Mai Tabarau ya yi ajiyar zuciya kamar wanda aka sauke wa buhu.

"Shi ke nan," ya ce. "Tunda bai buɗe ba mu koma. Baba, ka raka mu waje."

To ni kuma akwai abin da ke cina. Sati biyu ke nan ina gaya wa na sama cewa ƙarar na'ura ta uku ta canza. Ni ta kunne nake sanin lafiyar injin, tun daga get nake jin su huɗun kamar numfashin 'ya'yana. Suka duba allonsu suka ce komai kore ne, Baba, je ka huta. Sai na dubi gajeren na ce, "Ta ukun ce ko?"

Bai ko ƙifta ba. "Ita ce, Baba. Ya aka yi ka sani?"

"Sati biyu ina faɗa."

"Ai da sun saurare ka. In ba a taɓa ta yau ba, kafin azahar injunan nan sun dahu."

Masu karatu, wa zai ji wannan ya tsaya? Na koma tebur da sauri, na ɗauko ambulan, na yage jan hatimin da babban yatsana. Ina dawowa Mai Tabarau ya sha gabana.

"Baba, don Allah kada ka buɗe. Na gobara ne."

Ban ma tsaya tunanin yadda aka yi ya san na gobara ne ba. Na ce, "Yaro, kafin a haife ka nake wannan aiki." Na ɗora katin. Kore.

Sanyi ya buge mu. Gajeren bai ko kalli na'ura ta uku ba. Ya wuce kai tsaye bayan wani akwati, ya ciro wani ɗan abu kamar kwalin ashana ya soka a jiki, ya ɗauki hotonsa, ya ɗauki hoton ƙofa a buɗe, ya duba agogo ya rubuta a ɗan littafi. Mai Tabarau yana tsaye a bakin ƙofa, kansa a ƙasa. Ni kuwa ina nuna musu ta ukun ina cewa ga ta can, ku saurara.

Minti shida aka yi, daga baya na ji lissafin. Sai ga Injiniya ta sauko da mutum biyu a bayanta, waya a kunne. Ashe duk ƙofar da aka buɗe a ginin nan tana rubuta kanta a allonsu, kuma katin gobara na buɗewa ba hayaƙi allon ya yi ja. Abin da gajeren ya soka shi ma ya tona kansa.

"Kowa ya tsaya inda yake," ta ce.

Gajeren ya ɗaga hannu ɗaya, ya zaro takarda daga aljihun ƙirji ya miƙa mata. Ta karanta. Ta kira wata lamba, ta saurara, ta kashe. Sannan, ina kallo da idona, ta miƙa masa hannu suka gaisa.

"Minti shida," gajeren ya ce. "Ba laifi. Wurin da muka je wancan watan sai da muka yi kwana biyu ba su sani ba."

Na ce, "Ranki ya daɗe, su wane ne?"

"Masu gwajin tsaro ne, Baba. Kamfani ne ya ɗauko su su gwada ko za a iya shigo mana. Mu ma ba a gaya mana ranar ba."

"Ɓarayi ne ke nan?"

"A'a."

"Masu gyara ne?"

"A'a."

"To na'ura ta uku fa?"

Ta dube ni, ta dubi yagaggen ambulan da ke hannuna. "Ba ni katin nan. Ka je gida. Ranar Alhamis ƙarfe tara ka zo ofis."

Har na isa gida ban gane ba. Mutum ya yi ƙarya, ya sa kayan da ba nasa ba, ya shiga inda aka hana, a ba shi hannu. Ni da na taimaka don kada injuna su ƙone, a ce in tafi gida. A zamaninmu wanda ya shigo ta ƙarya sunansa ɗaya.

Na tarar da Gwaggo a kujerarta. Na ba su labari tun daga shayi har ambulan. Uwar yara ta ajiye dutsen guga ta zauna.

Gwaggo ta ce, "Na faɗa. Mutumin da yake rufe maɓalli har wuya akwai abin da yake ɓoyewa. Wata biyar yana zuwa yana durƙuso, ashe ƙofar yake nema ba yarinyar ba."

"Yaya, ke ce fa kika ce a gaggauta."

"Na ce a gaggauta aure, ban ce ka buɗe masa kamfani ba."

Uwar yara ta ce, "Amma ka ce sau nawa ya hana ka?"

Na ƙirga. "Uku. Ko huɗu."

"To mai cuta yana hana a cuce shi ne?"

"Salo ne," in ji Gwaggo. "Na zamani."

Auta ta dawo daga aiki da farar rigarta a hannu, ta ji ƙarshen zancen daga bakin ƙofa. Ta tsaya ta dube ni, ina zaune a gida da rana tsaka da kakin aiki a jikina, abin da ba ta taɓa gani ba tun tana rarrafe. Ta shige ɗaki. Ina jin wayarta tana ta ƙara, ba ta ɗauka.

Da la'asar tawa wayar ta yi ƙara. Saƙon murya ne, ya san ba na karatu.

"Baba, ni ne. Ban san ta inda zan fara ba. Da aka ba mu aikin na san wurinka ne. Kamata ya yi in ce a ba wani, ban faɗa ba, na zaɓi Talata don na san kana hutu. Da na gan ka kamata ya yi in juya, na kasa. Rahoto kuma dole in rubuta abin da ya faru, ba zan iya canza shi ba. Maganar Auta ba ta da alaƙa da wannan, Allah ne shaidata. In ka ce kada mu zo Asabar, ba za mu zo ba."

Na saurara sau biyar. Sau biyu na ji muryar maci amana, sau biyu na ji muryar yaron kirki, na biyar ban ji komai ba sai ƙarar fanka a bayansa. Ban mayar masa ba.

Laraba da hantsi Soja ya zo dubiya, kamar wanda aka yi wa rasuwa. Muka zauna a benci a ƙofar gida. Shi yana da ɗan karatu, kuma kunnensa yana kaiwa sama.

"Ka kwantar da hankalinka," ya ce. "Mafita tana hannunka. An ce yaron neman 'yarka yake?"

"Wa ya ce?"

"Ni na ce, na gan shi a nan sau biyu. Su na sama ba su sani ba. A dokar aikin masu gwajin haramun ne mutum ya gwada wurin da yake da ɗan'uwa ko suruki. Gobe kawai ka ce ka san shi, don shi ka buɗe. Gwajin ya rushe. Kai a ce an yi amfani da kai, a ja maka kunne ka koma kujerarka."

"Shi fa?"

Soja ya shafa wuya da yatsa. "Aikin amana ne. In aka kore shi a kan haka ba mai sake ɗaukarsa."

"In na ce ban san shi ba?"

"Ka zama mai gadin da ya buɗe wa baƙo ɗakin sanyi don an yi masa murmushi. Ka san sauran."

Ya tafi ya bar ni da wannan. Gwaggo ta ce in faɗi gaskiya in tsira, ai gaskiya ce. Uwar yara ta ce in yi abin da zan iya kallon Auta bayansa. Auta ta fita tun da sassafe, ta dawo ta rufe ɗaki. Ni da na kwance igiya da haƙori, na rasa ta inda zan kama wannan.

Alhamis na sa kakina wanda uwar yara ta goge har yana iya yanka, na ɗaura agogon mai kamfani. Soja ne a get. Ya sa na sa hannu a littafin baƙi, na dangwala yatsa. Ofishin yana kusa da ɗakin sa ido, ta gilashi ina hango layukan suna ta hawa da sauka kamar ba abin da ya faru. Injiniya tana zaune da takardu a gabanta, manajan ma'aikata a gefe. Mai Tabarau yana can ƙarshen tebur, maɓalli har wuya. Ya miƙe zai durƙusa, na kawar da kai.

Injiniya ta ce, "Baba, tambaya ɗaya zan yi maka. Kafin ranar Talata, ka san mutumin nan?"

Wallahi har na buɗe baki ban san me zai fito ba. Sai na tuno mayafin nan, ruwan toka, shuɗi, ruwan toka.

"Ban taɓa ganinsa ba," na ce.

"Baba," in ji Mai Tabarau.

"Kai wa ya sa da kai? Ranki ya daɗe, tsufa ne. Sun zo da kayan aiki, na ga kamar mutanen kirki ne, na buɗe. Duk hukuncin da ya dace a yi min."

Injiniya ta dube ni. Sannan ta jawo takardar da ke sama, wadda tun shigowata take gabana ina kallonta kamar zanen tabarma.

"Wannan rahotonsa ne, jiya ya kawo. Bari in karanta maka shafin farko." Ta gyara murya. "Mai gadin da ke bakin aiki mahaifin yarinyar da nake nema ne. Na san haka kafin in karɓi aikin, ban bayyana ba. Ya buɗe ne saboda ni. Ina roƙon kada a ɗauki abin da ya faru a ƙofa a matsayin gwajinsa, laifin nawa ne."

Ta ajiye. Manajan ya cire hularsa ya sosa kai ya mayar.

"To," ta ce. "Shi ya ce surukinka ne, kai ka ce ba ka taɓa ganinsa ba. Wanne zan rubuta?"

Na juya na dubi yaron. "Kai wane irin mutum ne? Na zo in rufa maka asiri ka riga ka yaye da kanka?"

"Baba, ai ba zan bari ka ɗauka ba."

"Wa ya tambaye ka? Ni na ɗauki abin da ya fi wannan. Babbar mota ta taɓa..."

"Baba," Injiniya ta katse ni. "Mun san labarin motar."

Abin da aka yanke ke nan: ni an dakatar da ni har sai manya sun zauna, saboda hatimin da na yage da kuma ƙaryar da na yi yanzu a gaban shaidu. Shi kuma kamfaninsu sun riga sun karɓe katinsa tun jiya. Ina fita Injiniya ta biyo ni baranda ta ce, ƙasa ƙasa, ta sa an buɗe na'ura ta uku, an samu wani ƙarfe ya fara cinyewa a ciki, allonsu bai nuna ba. Na ce na sani. Ban san ko daɗi zan ji ko haushi ba, sai na ji duka.

A waje muka tsaya a gefen titi, ni da shi, ba mai wurin zuwa. Rana tana dukan tabaraunsa.

"Ƙarfe nawa kuka ce Asabar?" na ce.

"Huɗu ne da."

"Ba da ba. Ku zo. Mutum nawa ne?"

"Shida." Ya ciro wayarsa. "Amma Baba, ka ji wannan tukuna."

Muryar Auta ce, a kwance, ba kuka ba faɗa. "Kada ka sake kirana. Ka gaya wa mutanenka kada su wahalar da kansu. Na gode da komai."

Na ce ya bar min wannan. Ni da na aurar da 'ya'ya biyar. Na hau mota kai tsaye zuwa kantin maganin, na bi layi kamar kowa, bayan wata mata mai tari. Da na iso gaban kanta Auta ta ɗago, da farar rigarta da biro a aljihu.

"Baba, lafiya? Maganin ya ƙare ne?"

"Roƙo na zo yi."

"Don wa?"

"Yaron nan." Na ba ta labarin ofis duka, har shafin farko. Na ƙara gishiri kaɗan a wurin da na yi magana. Ta saurara tana jera kwalaye.

"Na san zai rubuta haka," ta ce. "Ba don na ɗauke shi mugu na rabu da shi ba. Baba, in tambaye ka, ka gaya min gaskiya. Da wani ne ya zo da tsanin nan, za ka buɗe?"

"Ko mai kamfani ne ba zan buɗe ba."

"To ka gani. Ba shi ya raba ka da kujerarka ba, ni ce. Shekara talatin da ɗaya. Ta yaya zan zauna gida ɗaya da mutumin da kullum na kalle shi sai na gan ka zaune a falo da kaki da rana tsaka?"

Masu karatu, na yi wa 'yan fashi magana suna riƙe da bindiga. Na yi wa alƙali magana. A gaban kantar nan na buɗe baki na rufe. Mutumin da ke bayana ya ce, "Tsoho, in ba ka sayen komai ka matsa mana."

Na matsa. Ta bi ni da ido har bakin ƙofa, ta ce in bi ta inuwa.

Ban gaya mata na riga na ce su zo ba. Gwaggo ma ba ta sani ba, uwar yara kaɗai na gaya wa, ita kuma ta dube ni ta tashi ta fara wanke kofunan baƙi. Yau Alhamis. Mutum shida ne, jibi, ƙarfe huɗu.